Rumfar da na kafa wa mulufin Ohayo

"Baba, zo ka ga wani tsuntsu mai jar hula!" Da wannan kira 'yata ta fito da ni daga kicin wata safiyar Asabar, a hunturunmu na farko a gidan da muka koma a gefen birnin Kolombus na jihar Ohayo. Dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba, bayan gida ya yi fari fat. Can a kan shingen katako ga shi zaune, jawur kamar rigar dogari, da tukku a tsaye, da baƙin zane kewaye da baki kamar an shafa masa shuni. Bakin nasa gajere ne mai kauri. Bai fi daƙiƙa goma ba ya tashi. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Mamana, ai mulufi ne."

Ba mulufi ba ne, amma sunan ya zauna a gidanmu har yau. Mulufin da na sani ina yaro a ƙasar Funtuwa na fadama ne, da damina yake yin ja da baƙi yana lilo a kan karan ciyawa, rani na shigowa ya tuɓe ya koma ruwan ƙasa. Wannan kuwa kadinal ake ce masa, an samo sunan daga jajayen rigunan manyan limaman Katolika. Namijin ja yake rani da damina, kuma ba ya ƙaura zuwa kudu in sanyi ya zo kamar yadda tsuntsaye da yawa ke yi a nan. Inda ya yi bazara, nan yake cin hunturu. Ohayo ta ɗauke shi tsuntsun jiha tun 1933, kuma jihohi bakwai ne suka yi haka: da ita da Indiyana da Ilinoi da Kentaki da Bajiniya da Yammacin Bajiniya da Arewacin Karolina.

Tunanin da ya fara zo mini na keji ne, domin a gida in tsuntsu ya burge ka, kamar kanari, kama shi kake yi ka rataye a zaure. Na faɗa wa maƙwabcina haka, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin kafinta. Ya girgiza kai ya ce in ma cire wannan daga raina, akwai dokar tarayya tun ta 1918 da ta hana kamawa ko sayarwa ko ajiye irin waɗannan tsuntsaye. Ya ce abin da mutum zai iya shi ne ya gyara musu wuri, in sun ga dama su zo. Maganar ta kwanta mini, domin ta tuna mini da Hajiya, mahaifiyata. Tun da na buɗe ido na tarar da wani kasko a gindin darbejiyar tsakar gidanmu, kullum sai ta zuba ruwa a ciki ta watsa tsaba a gefe, ta ce sadakar tsuntsaye ce. Na yi niyyar in kafa irin wannan kasko a nan, amma na zamani.

Da kakar 2022 na zauna da takarda da fensir. Mahaifina ya yi kiwon tantabaru, ni kuma na tashi ina ganin ɗakunansu, don haka abin da hannuna ya zana ɗakin tantabara ne aka ƙanƙanta: akwati rufaffe, da ƙofa zagayayya a gaba, da ɗan sanda na tsayawa, da tire na abinci manne a ƙasa. Sai na ƙara masa ado don ya yi kama da mai gidan. Rufin na ɗaga shi ta baya ya yi tsini kamar tukku, ƙofar na kewaye ta da baƙin fenti, jikin duka na shafe da ja. Na yi Asabar uku a gareji ina yanka ina bugawa, 'yata na miƙo mini ƙusa. Da muka gama ya yi kyau ƙwarai, har yanzu ina faɗin haka. Muka kafe shi a jikin shinge, na zuba haɗin tsabar da na sayo mai araha, wanda yawancinsa dawa ce da gero da ɓarzajjen masara. Da na ga dawar ma har daɗi na ji, na ce ai tsuntsu ba ya ƙin dawa.

Mako biyu muna leƙe ta taga. Gwara sun zo, kurciyoyi sun zo sun tsince abin da ya zube ƙasa. Kurege kuwa, irin nasu na nan mai furfura da ke kwana a bishiya, tun kwana na biyu ya gano hanya ta kan shinge, ya riƙa zama cikin tiren yana ci har ya ƙoshi. Mulufi ya zo sau uku da na gani. Ya sauka a kan shinge, ya karkata kai ya dubi akwatin, ya sauka ƙasa ya ɗan tsattsaga, ya tafi. Ƙofar da na ɓata yini guda ina zagayawa da zarto, ko leƙa ta bai yi ba.

Sai kuma aka yi ruwa kwana biyu a jere. Da na je duba tiren, wari ne ya fara tarbata. Gindin na falanki ne, ba inda ruwa zai bi, tsabar ta jiƙe ta cure, ta yi fumfuna fari-fari a kusurwa, wasu ƙwayoyin dawar har sun fara tsiro. Na sa yatsa na tona, ƙasan ya yi baƙi yana yauƙi. Jikina ya yi sanyi, domin na san ruɓaɓɓen hatsi cuta ne ko ga kaji. Na kwashe na zubar a ranar, na kwance akwatin daga shinge.

Na kai shi wurin dattijon nan. Ya juya shi a hannu, ya yaba yankan, sannan ya ce kadinal ba ya shiga rami. Ba ya sheƙa a kogon bishiya, ba ya shiga akwati, komai kyansa. Macen ce ke saƙa sheƙa buɗaɗɗiya kamar ƙoƙo a tsakiyar duhuwar reshe, galibi ba ta wuce tsayin mutum da yawa ba. Kuma tsuntsu ne mai ɗan jiki, tsawonsa kusan inci 9, nauyinsa wajen giram 45, yana son ya tsaya da ƙafafu biyu a fili ya fuskanci abincinsa, ba ya iya maƙalewa a guntun sanda yana murɗa wuya kamar ƙananan tsuntsaye. Ya ce kafin in sake taɓa zarto, in yi mako guda ina kallon tsuntsun kawai.

Wannan makon shi ne ainihin zanen. Na lura su biyu ne, miji da mata. Macen ruwan ƙasa-ƙasa ce, da ɗan ja a fiffike da wutsiya da tukku, bakinta ja kamar na mijin, kuma ni a idona ba ta gaza shi kyau ba. Na lura da lokacinsu: in na idar da sallar Asuba na zauna da shayi, gari bai gama wayewa ba, su ne na farko da ke fitowa, ana jin ɗan kukansu gajere mai kaifi, tsik, tsik, kafin a gan su. Da yamma kuma har bayan sauran tsuntsaye sun watse suna nan, sai daf da Magariba su ɓace. Na lura ba sa tahowa kai tsaye. Daga duhuwar maƙwabta sai kan shinge, su duba, sai wani reshe, su sake dubawa, sannan su sauka. Abu kaɗan ya motsa, sun koma cikin duhuwa. Na gane cewa abin da na haɗa wuri ɗaya, ɗaki da wurin ci, a wurinsu abu biyu ne daban. Wurin ci fili suke so, inda za su ga ko'ina. Wurin ɓuya kuwa sarƙaƙiya suke so, kuma ta kasance kusa.

Na sake zane, wannan karon rumfa na zana irin ta kasuwa, ba bango. Tire mai tsawon inci 18 da faɗin inci 14, da baki mai tsayin inci 2 don kada iska ta kwashe tsaba, bakin kuma mai kauri yadda ƙafa za ta kama. Gindin na yi shi da ragar ƙarfe mai ƙananan ido wadda ba ta tsatsa, kamar rariya, na sa shi yadda zan iya zaro shi in wanke. Ginshiƙai huɗu siraru a kusurwa, tsayinsu inci 11, domin in rufi ya yi ƙasa tsuntsun ba ya sakin jiki ya shiga. Rufin na yi shi mai gangara biyu, ya zarce tiren da inci 3 ta kowane gefe saboda feshin ruwa. Katakon wata bishiya da ake kira sida na yi amfani da shi, don yana jure ruwa ba tare da an shafa masa komai ba. Dattijon ya gargaɗe ni kada in sa katakon nan mai kore-kore da ake jiƙawa da magani a inda abinci zai taɓa. Na haɗa da ƙusoshi masu murɗi maimakon na bugawa, na bi bakunan da samfefa. Fenti kuwa ban sa ko ɗigo a ciki ba. 'Yata ta nace sai an bar wani abu na mulufi a jiki, sai na yanka ɗan katako mai siffar tukku, ta shafa masa ja da hannunta, muka kafa a ƙololuwar rufi. Wannan kaɗai ya rage daga adon farko.

Inda za a kafa ya fi ƙerawar cin lokaci. Kurege na iya tsalle kusan ƙafa 10 daga reshe ko shinge, daga ƙasa kuma yakan kai ƙafa 4 zuwa sama. Na ɗauki tef na zagaye bayan gida ina awo har na sami wuri ɗaya tak da ya yi nesa da shinge da bishiya da rufin gareji. Nan na kafa bututun ƙarfe, na zurfafa shi ƙafa 2 a ƙasa, tiren ya tsaya a tsayin ƙafa 6. A ƙarƙashin tiren na rataya wani faffaɗan bututun kwano mai faɗin inci 8 da tsawon ƙafa 2, a rufe ta sama, yana reto. In kurege ya hau ta ciki ya ci karo da murfi, in ya kama ta waje santsi da lilo su zubo da shi. Kwana uku yana gwadawa, daga nan ya haƙura ya koma tsintar abin da ya faɗo. Ban hana shi wannan ba, shi ma da rabonsa.

Abincin ma na canza. Na sayo buhun baƙin irin sanfulawa, furen nan mai bin rana, mai ɓawo marar kauri da mai da yawa a ciki, na haɗa da farin irin wata shuka daban da ake kira safulawa, wanda yake da ɗan ɗaci, kurege bai cika damuwa da shi ba. Washegari da asuba namijin ya sauka a bakin tiren. Tazarar da ke tsakanina da shi ta ba ni damar ganin yadda yake ci: ya ɗauki ƙwaya ɗaya, ya juya ta a baki da harshe, ya datse, ɓawon ya rabe biyu ya zubo ta gefe, ya haɗiye ƙwayar, duk a cikin ƙiftawar ido. Ya ci wajen goma, ya tashi, macen ta sauka a gurbinsa. Na je na taso 'yata daga barci, na ɗauke ta a kafaɗa muka tsaya a taga ba mai magana.

Tagar nan ce ta jawo abin da ya fi ɓata mini rai a duk aikin. Wata rana da hantsi shaho ya kawo farmaki, tsuntsaye suka watse, sai muka ji ƙum a jikin gilashi. Na fita ba ko takalmi. Macen ce kwance a kan ƙanƙara, fiffike ɗaya a buɗe, baki a sake, ido na lumshewa. Na ɗauke ta a tafin hannu, ba nauyi ko kaɗan, sai ɗumi da bugun zuciya mai sauri da nake ji a yatsuna. Uwargida ta kawo kwalin takalmi ta shimfiɗa tsumma, ta huda murfin, muka ajiye ta a wuri mai duhu da shiru. Ta ce, "Malam, Allah ya sa ba mu muka yi sanadinta ba." Ban iya amsawa ba, domin na san gilashin yana nuna hoton bishiya da sama, tsuntsu kuwa ba ya bambancewa. Bayan kusan awa ɗaya muka ji motsi, na kai kwalin waje na buɗe, ta yi jim, sannan ta tashi ta shige duhuwa.

Shawarar da masana tsuntsaye ke bayarwa ita ce wurin ci ya kasance ko dai daf da taga, cikin ƙafa 3, yadda tsuntsu ba zai samu gudun da zai ji ciwo ba, ko kuma nesa fiye da ƙafa 30. Nawa yana tsakiya, kuma bayan gidan bai kai girman da zan matsar ba. Sai na gyara tagar. Na manna fararen ɗigo-ɗigo a bayan gilashin ta waje, tazarar inci 2 tsakanin kowanne. Ta ciki ba ya amfani, dole ta waje. Tun daga ranar ba mu sake jin wannan ƙara ba.

Farmakin shahon ya nuna mini rabin aikin da ban yi ba, wato mafaka. Daga rumfar zuwa duhuwar maƙwabta akwai nisa, shi ya sa macen ta ruɗe ta yi wajen taga. Ban kai ga gyarawa ba sai ga guguwar sanyin nan ta ƙarshen Disambar 2022, wadda kwana biyu kafin Kirsimeti ta kai sanyin Kolombus wajen digiri 20 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyas, ga iska kamar za ta cire rufi. Da safe na hango namijin a bakin tiren ya hura gashinsa ya zama kamar ƙwallo, ya rufe ƙafafunsa, iska na karkata shi. Na ƙirga kadinal bakwai a ranar, domin da hunturu sukan ajiye faɗan iyaka su yi garke. Na riƙa fita duk bayan awa biyu ina share ƙanƙara daga tiren ina ƙara iri.

Da Janairu ta kama, maƙwabta suka fara fito da bishiyoyin Kirsimeti bakin titi don masu kwashe shara. Na roƙi guda huɗu, waɗanda ba a fesa musu komai ba, na cire sauran zare da ƙyalƙyali. A kusurwar shinge, wajen ƙafa 12 daga rumfar, na jera manyan itatuwa a ƙasa a giciye, yadda za a sami ramuka a tsakani, na ɗora ƙananan rassa, sannan na jingina bishiyoyin nan a sama kamar ana rufa bukka. Ta yamma, inda iskar hunturu ta fi bugowa, na kafa faifan katako ya tare. Ba ta da kyan gani, ko kusa da jan akwatina ba ta kai ba. Amma tun yammacin ranar na ga macen ta shige ciki, kuma daga nan duk lokacin da inuwar shaho ta gifta, cikin tarin nan suke faɗawa. Da bazara na dasa bishiyar sida biyu a wurin, irin wadda ba ta zubar da ganye, don in rassan sun ruɓe a sami abin da zai gaje su. Na dasa wata bishiya guda da ake kira dogwud, saboda 'ya'yanta jajaye da tsuntsayen ke ci, kuma jan gashinsu ma daga irin abin da suke ci yake samuwa.

Kaskon Hajiya shi ne na ƙarshe da na kawo. Ruwa a waje daskarewa yake yi cikin ɗan lokaci, sai na sayi faranti mai ɗan abin ɗumamawa na lantarki, zurfinsa bai wuce inci 2 ba, na sa dutse a tsakiya. Tsafta kuwa ta zama aikin Asabar: duk mako biyu in zaro ragar, in goge da burushi, in jiƙa a ruwan bilic, kashi ɗaya cikin kashi tara na ruwa, in ɗauraye, in bar ta ta bushe sarai kafin in zuba sabon iri. Ɓawon da ke taruwa a ƙasa ina sharewa, don kada ya ja ɓeraye. Wanda ba zai iya wannan wankin ba, ni a ganina gara kada ya fara, domin wurin da tsuntsaye ke cinkoso nan cuta ke yaɗuwa.

A watan Afrilu muka ga namijin ya ɗauki ƙwaya, ya ɓare, ya matsa ya sa wa macen a baki. Uwargida ta daɗe tana kallo. Su biyun suna rera waƙa, ita ma macen tana yi, abin da ban saba gani ba a tsuntsaye. A lokacin ne kuma namijin ya tsiri faɗa da hotonsa a madubin motata, yana zaton wani namijin ne ya shigo masa iyaka, sai na riƙa rufe madubin da leda in na ajiye mota. Sheƙar ba a tarin rassana suka yi ba, a wata duhuwar shuka da ke jikin gareji suka yi, daidai ƙirjina. Na leƙa sau ɗaya kawai lokacin da ta fita: ƙoƙo na ƙananan tsinke da ɓawon itace da ciyawa, da ƙwai uku farare-farare masu ɗigon ruwan ƙasa. Na hana kowa bin wajen, na kuma ɗage aske shukar. Ta yi kwanci kusan kwana 12, 'ya'yan suka yi kamar kwana 10 a sheƙa, iyayen na ta jigilar tsutsa da ƙwari, domin 'ya'yan ba iri ake fara ba su ba. Saboda haka ma na daina fesa maganin ƙwari a ciyawar gidan gaba ɗaya.

Biyu ne suka tashi a cikin ukun. Wata safiya a watan Yuni uban ya kawo su rumfar. Kalarsu irin ta uwar, amma bakinsu baƙi-baƙi, tukkun bai gama fitowa ba. Suka tsaya a bakin tiren suna karkaɗa fiffike suna kuka, abinci na gabansu amma sai ya ɓare ya sa musu. Na kira Hajiya ta bidiyo a WhatsApp, na juya wayar wajen taga. Ta matso da fuskarta daf da waya, ta yi shiru, sannan ta ce, "Ikon Allah. To ruwa fa, ka sa musu?" Na karkata wayar na nuna mata farantin, ɗaya daga cikin 'ya'yan na tsaye a kan dutsen. Tun daga ranar, in mun gaisa ta tambayi jikokinta, sai ta ce, "Ya mutanen rumfa?"